Karɓar Gyara da Sanin Halin Zuciya

GABATARWA

Babu ma'aikacin da zai shekara yana aiki ba a ce masa ya yi kuskure ba. Akawu yakan sami gyara daga shugaban ofis, yaron gareji daga maigidansa, malamin makaranta daga sufeto, shi kuwa shugaba yakan sami nasa daga bakin jama'ar da yake yi wa aiki. Hausawa sun daɗe da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowa ya san wannan karin magana, kowa kuma yakan jawo ta sa'ad da shi ne mai gyaran. Amma ranar da gyaran ya faɗo kansa, sai a ga fuska ta murtuke, murya ta ɗaga, ko kuwa a yi gum, a tafi gida da abin a ciki.

Ƙin karɓar gyara yana jawo wa ƙasa hasara mai yawa. Kuskuren da aka nuna wa akawu ya ƙi gyarawa shi ne zai sa tsoho ya yi watanni yana zirga-zirgar neman fanshonsa. Notin da aka ce wa yaron gareji bai ɗauru ba, ya yi fushi ya ƙi komawa kansa, shi ne zai kwance a kan hanya da mutane cike da mota. Abin da wannan ɗan littafi yake bayyanawa shi ne, mutum ba ya cin moriyar gyara sai ya fara gane abin da ke gudana a cikin zuciyarsa lokacin da ake yi masa gyaran.

MAKARANTAR MANYA A KURU

Garin Bukuru, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, yana kimanin kilomita 15 kudu da Jos. Gaba kaɗan da shi, a Kuru, akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Tsare-tsare ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIPSS. Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa ta a cikin shekarar 1979. Kowace shekara akan zaɓo manyan ma'aikatan gwamnati, da manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda, da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da na masana'antu, su zauna tare na kimanin watanni 10 suna nazarin matsalolin Nijeriya. Janar Ibrahim Babangida ya yi wannan kwas daga 1979 zuwa 1980, kafin ya zama shugaban ƙasa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar kuwa yana cikin ɗaliban shekarar 2006, watau shekarar da aka naɗa shi.

Abin lura a nan shi ne yadda aka tsara karatun. Akan raba ɗaliban ƙungiya-ƙungiya, kowace da malaman da ke jagorancinta. Sukan kai ziyarar nazari jihohi da ƙasashen waje, su dawo su gabatar da rahoto a gaban 'yan uwansu, a yi musu tambayoyi. Kowane ɗalibi kuma yakan rubuta nasa bincike, mai duba shi ya duba, sa'an nan ya kare shi a gaban masu jarrabawa. Ke nan mutumin da ya saba in ya shigo ofis a miƙe masa, in ya yi magana a ce ranka ya daɗe, a nan shi ne zai zauna a ce masa hujjarsa ba ta tsaya ba, ya koma ya sake.

Hikimar wannan tsari a fili take. Gwargwadon yadda mutum ya hau sama, gwargwadon yadda masu iya faɗa masa gaskiya suke raguwa. Idan har ƙasa ta ga ya dace ta ware wuri ta kai manyanta domin a duba aikinsu a yi musu gyara, to lalle babu wani ɗan ƙasa da ya fi ƙarfin a gyara shi, babu kuma dalilin ɗaukar gyara a matsayin ƙasƙanci.

DAGA RAHOTON ASIRI ZUWA RAHOTON SARARI

A zamanin Turawa, har zuwa shekarun farko na mulkin kai, rahoton shekara-shekara da akan rubuta a kan ma'aikacin gwamnati na asiri ne. Shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a rufe a fayil, ma'aikaci bai gani ba. Sai ya ga ƙarin girma ya wuce shi, bai san laifinsa ba balle ya gyara.

A cikin 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Yawancin jama'a ƙarin albashi kawai suke tunawa idan aka ambaci Udoji. Amma cikin shawarwarin hukumar har da a buɗe rahoton shekara, watau ma'aikaci ya ga abin da shugabansa ya rubuta a kansa, ya sa hannu, in kuma bai yarda ba ya faɗi dalilinsa. A 'yan shekarun nan Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya soma maye gurbin wannan fom da sabon tsarin auna ƙwazo, inda shugaba da na ƙasa da shi suke amincewa a kan ayyukan da za a yi tun farkon shekara, su riƙa zama lokaci-lokaci suna duba inda aka kwana.

Doka tana iya buɗe fayil, amma ba ta da ikon buɗe kunnen mutum. Idan shugaba ya san cewa duk ranar da ya rubuta gaskiya za a daina gaishe shi, sai ya cika wa kowa maki domin a zauna lafiya, rahoton ya zama takardar banza. Saboda haka amfanin kowane irin tsari yana rataye ne a kan halin waɗanda za su zauna su saurari juna.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Zafin da mutum yake ji sa'ad da aka kushe aikinsa ba alamar mugun hali ba ne, haka aka halicci ɗan Adam. Tun a 1915 wani masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki yake shirin faɗa ko gudu idan ya hangi haɗari. Wani sinadari mai suna adiranalin yakan kwarara cikin jini, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki yakan yi irin wannan shiri ko da abin da aka taɓa mutunci ne kawai.

A cikin 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ware su daga wani wasa da gangan. Sun ga cewa wasu sassan da ke motsawa lokacin ciwon jiki su ne suka motsa lokacin da mutum ya ji an ƙi shi.

Harshen Hausa ya riga ya adana wannan ilmi tun kafin a ƙera na'urar. Akan ce gabansa ya faɗi, jikinsa ya yi sanyi, ransa ya ɓaci, idonsa ya rufe. Akan kuma ce zuciya ta ɗebe shi, kamar dai yadda ruwan kogi yake ɗiban wanda ya shiga bai san zurfi ba. Wanda idonsa ya rufe ba ya ganin kuskuren da ake nuna masa, yana can yana shirya amsar da zai mayar.

Wani binciken kuma ya nuna inda haɗarin yake. A 1996 masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamako 607 daga gwaje-gwajen da aka yi a kan faɗa wa mutane yadda aikinsu yake. A dunƙule aiki yakan inganta, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, idan hankalin mutum ya bar kan aikin ya koma kan kansa, watau ya shiga tunanin ko an raina shi, ko an fi son wani, to gyaran ya rasa amfaninsa.

SANIN HALIN ZUCIYA

Sanin halin zuciya shi ne mutum ya lura da abin da yake ji a daidai lokacin da yake jin sa, ya kira shi da sunansa, ya kuma gane dalilinsa. Masana biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, sun yi rubutu a kan wannan fanni a 1990, sa'an nan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa shi a duniya. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa sun nuna cewa idan mutum ya ambaci sunan halin da ya gani a fuskar wani, kamar fushi ko tsoro, sashen ƙwaƙwalwar da ke buga ƙararrawar haɗari, wanda ake kira amigdala, yakan lafa. Watau kiran abu da sunansa yana rage masa ƙarfi.

Fushi shi ne abin da ya fi fitowa fili, amma sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Wani kunya ce ta kama shi domin an yi masa gyaran a gaban yaransa. Wani tsoro ne, yana gudun kada a ba shi takardar tuhuma ko ya rasa ƙarin girma. Wani kuwa mai gyaran ne bai kwanta masa ba, ko don ya girme shi, ko don mace ce, ko don ba garinsu ɗaya ba. Wani gajiya ce da yunwa da damuwar gida. Kowane ɗaya da maganinsa, wanda kuwa bai san ciwonsa ba zai sha maganin da ba nasa ba.

Wajibi ne a bambanta sanin zuciya da danne zuciya. A al'adar Hausawa da ta maƙwabtansu, yaro mai ladabi ba ya musu da na gaba da shi, yakan sunkuyar da kai ya ce to. Wannan hali ne mai kyau, amma sunkuyar da kai kaɗai ba shi ne karɓar gyara ba. Akwai wanda zai ce to, alhali bai fahimci abin da aka ce ba, kunya ta hana shi tambaya. Akwai wanda zai ce to, ya fita yana gunaguni, ya ƙulla gaba ta shekaru. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, inda ya lissafa halaye goma, cikinsu har da haƙuri da kunya da ladabi, har da gaskiya da hankali. Haƙurin da ba ya tare da hankali da gaskiya, ajiyar fushi ce kawai zuwa wata rana.

DARASI DAGA WANKIN KUZA

Bukuru gari ne da ya bunƙasa da haƙar kuza. Saboda kuza ne aka kawo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya, wanda ya iso garin a 1914. Duk wanda ya ga yadda ake wankin kuza a bakin kududdufan Filato ya san cewa ba a samun ta a tsabtace. Akan ɗebo ta ne gauraye da yashi da laka, a zuba a kwano, a yi ta jujjuyawa da ruwa. Yashi ba shi da nauyi, sai ya bi ruwa, ita kuwa kuza ta kwanta a ƙasa. Mai gaggawa yakan zubar da ita tare da yashin.

Haka gyara yake zuwa. Da wuya ya zo cikin lafazi mai daɗi, a lokacin da ya dace, daga bakin wanda ake so. Aikin mai hankali shi ne ya bar tsawa da baƙar magana su bi ruwa, ya duba abin da ya kwanta. Alal misali, idan shugaba ya ce wa akawu, "Kullum aikinka shirme ne, dubi lissafin nan," kalmar kullum da kalmar shirme yashi ne, amma kuskuren lissafin yana nan, shi ne kuma zai cuci mai fayil.

Akwai wani darasin. Shekaru da yawa masu haƙa suna ɗaukar wani baƙin ma'adini mai suna kwalambait a matsayin dattin da ke ɓata kuza, suna zubar da shi. Da aka gane amfaninsa wajen haɗa ƙarfe mai jure zafi, irin na injin jirgin sama, sai aka koma kan tsofaffin jujin ana tonowa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Maganar da aka yi watsi da ita cikin fushi yau, ya kamata a koma kanta bayan zuciya ta huce.

MATAKAN DA ZA A BI

Na ɗaya, a lura da jiki. Da zarar mutum ya ji gabansa yana bugawa ko fuskarsa ta yi zafi, ya san ƙararrawa ta kaɗa. Sai ya ja numfashi a hankali, ya jinkirta magana.

Na biyu, a kira abin da sunansa a cikin zuci: wannan kunya ce, ko wannan tsoro ne, ko wannan haushin mai maganar ne.

Na uku, a saurara har ƙarshe ba tare da katse mai magana ba, sa'an nan a maimaita abin da aka fahimta domin a tabbata shi ake nufi.

Na huɗu, a nemi misali. Akawu yana iya cewa, "Yallaɓai, a wane shafi ne lissafin ya kauce, in duba?" Yaron gareji ya ce, "Maigida, nuna mini yadda ake ɗaure shi." Irin wannan tambaya tana mayar da hankalin mutane biyun kan aikin.

Na biyar, idan zuciya ta ƙi lafawa, a nemi lokaci cikin ladabi: "Yallaɓai, na ji. A ba ni zuwa gobe in duba fayil ɗin, sa'an nan in kawo bayani." Kada a rubuta takarda ko a aika saƙon waya cikin fushi, domin rubutu yana nan bayan fushin ya wuce.

Na shida, a tace maganar. Idan an ji irinta daga mutum biyu ko uku da ba su haɗa baki ba, to akwai ƙamshin gaskiya. Yana da kyau a nemi ra'ayin amini mai faɗin gaskiya, ba wanda zai ƙara wa wutar itace ba.

Na bakwai, a gyara abin da ya kamata, a koma a nuna wa mai gyaran, a gode masa. Wanda aka gode wa zai sake faɗin gaskiya gobe.

GYARA DABAN, CIN MUTUNCI DABAN

Karɓar gyara ba ya nufin amincewa da kowace magana. Wani lokaci mai gyaran ne ya yi kuskure, wani lokaci kuma zalunci ne aka lulluɓe da sunan gyara. Gyara na gaskiya yana nuna wani aiki takamaimai da hanyar inganta shi. Zagin iyaye, da gori, da kushe mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa, ba su cikin gyara, ba a kuma umurci kowa ya haɗiye su ba.

A nan ma sanin halin zuciya yana taimako, domin wanda ya natsu ya fi iya kare kansa. Ma'aikaci yana da damar rubuta ƙorafi ta hanyar da dokokin aiki suka tanada. Tun 1975 akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a zamanin Janar Murtala Muhammad, a 2004 kuma aka kafa SERVICOM domin jama'a su kai kukansu game da yadda ake yi musu aiki a ma'aikatu. Ƙorafin da ya zo da kwanan wata da hujja ya fi wanda ya zo da hayaniya samun shiga. Su kuma ma'aikatan da aka kawo ƙara a kansu, ya kamata su ɗauki koken talaka a matsayin gyara daga wanda ake yi wa aikin.

NAUYIN DA KE KAN SHUGABANNI

Gyara mafi wuyar karɓa shi ne wanda ya fito daga na ƙasa. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jiragen fasinja biyu suka yi karo cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin jirgin da ya taso yana cikin manyan matuƙan kamfaninsu, shi ne ma shugaban masu koyar da tuƙin irin wannan jirgi. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar hanya, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ya ci gaba. Wannan haɗari yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙananan ma'aikata su yi magana a fili, ake kuma koya wa manya su saurara.

Darasin ya shafi Babban Sakatare da shugaban makaranta, ya shafi likita da nas, ya shafi mai unguwa da maigida a cikin iyalinsa. Idan masinja ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin takardar nan ba ta wannan ofis ba ce," yadda shugaba ya karɓi maganar shi ne zai nuna wa sauran ma'aikata ko su riƙa magana ko su kama bakinsu. Shugaban da ya kunyata mai faɗa masa gaskiya sau ɗaya, daga ranar sai labari mai daɗi kawai zai riƙa ji, har ranar da ɓarna za ta fito fili.

Shi ma mai yin gyara yana da nasa haƙƙi. Ya keɓe da mutum, ya ambaci aikin da ya ɓaci, ya faɗi abin da yake so a yi, ya kuma duba tasa zuciyar kafin ya buɗe baki, ko gyara yake nufi ko huce haushi.

KAMMALAWA

Ana kira ga kowane ɗan ƙasa, a ofis ko a kasuwa, a gona ko a gida, da ya gwada waɗannan matakai a karo na gaba da aka ce masa ya yi kuskure. Ana kuma kira ga iyaye da malamai su koya wa yara faɗin abin da ke ransu cikin ladabi, su yaba wa yaron da ya amsa kuskurensa ya gyara. Hali ne da ake koyo a hankali, kamar kowace sana'a. In kunne ya ji, jiki ya tsira.